Saude Ba Ta Zuwa Adabka

Anka,
Jihar Zamfara.

Zuwa ga Yayana Abdulmalik, a Gboko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na tashar lodin lemo. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙunta, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Inna tana nan tana fama da ƙafarta. Ranar da ta tashi da sauƙi har kasuwa take zuwa, ranar da ƙafar ta motsa kuwa duk unguwa sai an ji. Maganin shafawar da ka aiko ta ce an gode, amma ta fi yarda da man shanun da Fulanin bayan gari ke kawo mata, ka dai san halin tsohuwarka. Gero ya yi kyau a gonar da ke kusa da gari, ta nesa kuwa bana ba wanda ya taka ta, ba sai na gaya maka dalili ba. 'Yata Aisatu ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a tsakar gida daga ɓarnarta. Ɗiyarka Saude tana lafiya, ta ƙara tsawo, kuma a kanta ne na ɗauki biro.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka bari in kai aya. Da na buɗe baki sai ka ce kai ne babba, kafin in haɗiye miyau ka kashe, in na sake kira a ce ba a samunka. Takarda kuwa ba a katse ta, sai dai a yaga, kuma na san ba za ka yaga rubutun 'yar Inna ba ka karanta ba. Ranar Asabar ɗan'uwanmu Yakubu ya iso daga Adabka a kan babur, ya ce ka aiko shi a cire Saude daga makaranta, ya tafi da ita wurin Gwaggo Adama ta riƙa taya ta kiwon awaki. To, ya koma shi kaɗai. Na ba shi ruwa, na ba shi tuwo, na ƙulla masa daddawa ya kai wa Gwaggo, na ce masa yarinya ba ta zuwa. Kada ka ga laifinsa, ya yi iya ƙoƙarinsa, har rantsuwa ya yi cewa ba zai iya haɗa ido da kai ba. Ni na hana, kuma da bakina nake gaya maka, don kada ka ji a bakin wani an ƙara gishiri.

Na san abin da aka kai maka. An ce na mayar da ɗiyarka abin kallo, ina tsayar da ita a gaban aji da kofin ruwa a hannu yara suna dariya. Akwai kofi, akwai tsayuwa, akwai dariya, duk ban musa ba. Amma wanda ya leƙa ta taga ya wuce ba zai ba ka labarin abin da ake yi a ɗaki ba, don haka ka yi haƙuri ka ji daga tushe.

Ka san yadda gubar dalma ta bar Saude tun tana goye, lokacin muna Bagega. Abin da aka koya mata da safe, kafin a fita tara ya zube. Magana tana yi mata nauyi, hannunta na hagu yana rawa in ta gaji. Ta maimaita aji biyu, kuma ita ce babba a cikinsu, shi ya sa na roƙi a bar ta a ajina. A zangon nan manhaja ta kawo mu kan harɗaɗɗun kalmomi, wato inda kalma biyu ke haɗuwa su haifi suna guda, kamar gidan-sauro da ɗan-kunne da farin-ciki. Na rubuta su a allo, yara suka bi ni da ihu kamar aku, har malamin aji uku ya leƙo ya ce mu rage. Washegari na tambaya, kowa ya zuba mini ido kamar ban taɓa faɗa ba. Sai na ce to, bari a bar allo a koma wasa. Na raba wa kowane yaro kalma ɗaya, na ce ya nemi wanda kalmarsa ta dace da tasa su riƙe hannu su fito gaba. Na ce musu hannun nan da suka riƙe shi ne ɗan karan-ɗorin da ake sawa a tsakani in an zo rubutu. Aji ya kaure, mai gida ya kamo mai sauro, mai gashi ya jawo mai baki, kowa ya sami nasa.

Saude ce kaɗai ta rage a tsaye. Ita na ba kunne, wani yaro kuma mai suna Nazifi na ba shi ɗa. Na ce ya je ya riƙe ta, sai ya cusa hannuwansa a hammata ya kafe. Da na matsa, ya ce innarsa ta ce kowa ya taɓa 'yan Bagega guba za ta kama shi, shi ma kansa ya daina ɗaukar karatu. Na juya ga sauran na ce wa ya taɓa jin haka, Yaya, kusan duk ajin suka ɗaga hannu. A ranar na gane filin da ake bari dama da hagu da ita a kan benci, a ajin da yara ke zama har kan taga don rashin wuri. Ita kuwa ko gezau ba ta yi ba, tana tsaye tana kallon ƙasa, alamar ta daɗe da sanin abin da ni sai yanzu nake ji. Wannan tsayuwar tata ta fi komai ƙona mini rai. Wallahi na kai hannu ga bulala, sai na tuna bulala tana iya sa yaro ya miƙa hannu, amma da na juya baya zai goge shi a riga, ita kuma tana gani. Na ajiye, na tashe su tara tun lokaci bai yi ba, na zauna ni kaɗai ina huci.

Dabara ta zo mini ne da yamma a bakin rijiyar unguwarmu. Ka san ranar da famfon burtsatse ya lalace kowa can yake komawa, kuma guga ɗaya ce mai doguwar igiya, ta wata tsohuwa da ba a cika shiga harkarta ba. Na ga mata waɗanda ko gaisuwarta ba sa amsawa a hanya suna yi mata sannu da aiki, suna tambayar jikokinta. Na ce ashe haka ne, bari in ba Saude guga. Washegari na ce kowane yaro ya zo da wani abu daga gida: mai toka, mai ƙasa, mai goro, mai garin ɗorawa, mai hoda, mai ganye, mai bula ta wanki. Na ɗebo ruwa a kofi ɗaya tak na ba Saude, na tsayar da ita a gaba. Na kafa doka cewa abin da ka zo da shi yana nan a matsayinsa, toka toka ce, goro goro ne, har sai ka riƙe hannun mai ruwa, a nan ne zai zama sunan launi. Wanda ya riƙe ya faɗi sunan da ƙarfi, zai nemo launin a jikin rigar wani ko gyalena, in rubuta sunansa a allo, in kuma ba shi guntun alli mai kala ya yi zane. Wanda bai riƙe ba ya koma da tokarsa gida, ba duka ba zagi.

Ba wanda ya taso. Na harɗe hannu na jingina da bango, na ce a raina ko za mu kai azahar a haka ba zan sauya doka ba. Can sai wata 'yar mitsitsiya, Zulai, ɗiyar mai waina ta bakin tasha, ta miƙe da tokarta a gwangwanin tumatir. Idonta a kan jan alli yake, ba wani tausayi ya tashe ta ba, ni kuma ban damu da abin da ya tashe ta ba. Ta kama hannun Saude, ta ce ruwan-toka, ta saki, ta buɗe tafinta tana dubawa, duk ajin suka miƙa wuya suna taya ta dubawa. Ba ta ga komai ba sai tokar da ta shafo. Tana karɓar allinta kuwa sai layi ya haɗu har bakin ƙofa. Dariyar da aka kai maka labari ta tashi ne lokacin da wani yaro ya fito da goron da kakansa ya riga ya gatsa, ya ɗaga shi sama yana ihun ruwan-goro. Kowa ya yi dariya, har da Saude, har ruwan kofin ya zube mata a ƙafa. Yaya, yaushe rabonka da ka ji dariyar ɗiyarka? Ni da nake kwana katanga ɗaya da ita na manta yadda take.

Abin da ban zata ba shi ne Saude ta riƙe sunayen a kanta. Da gari ya waye na nuna Zulai, ta ce ruwan-toka. Na nuna mai ɗorawa, ta ce ruwan-ɗorawa. Ashe abin da allo ya kasa zaunar mata, fuska da hannu sun zaunar. Yanzu a gida Inna ba ta da sakat, kowane zane ta ɗaura sai an gaya mata launinsa, har ta ce a raba ta da wannan karatun da ya bi ta har ɗaka. Saude ta iya rubuta ruwa da kanta, ta ja ɗan karan a gabansa, ta bar fili. Ba zan yi maka ƙarya in ce za ta zama likita ba, ni malama ce, na san inda kowane yaro yake. Har gobe lissafi yana ba ta kashi, kuma akwai ranakun da take tashi kamar an share komai. Amma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma yanzu in ta shigo aji ana matsa mata wuri ne a zauna kusa da ita.

Ba a yi mako ba sai ga Tabawa, uwar Nazifi, a ofishin hedimasta, mayafi a kafaɗa. Ta ce ita ba ta kawo ɗanta boko don a haɗa shi da masu guba ba, wai mi anka yi mata da za a nemi a lalata mata ɗa. Na bari ta gama tsaf. Na ce mata ni na goya Saude a bayana, kwano ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muka kwana shekara da shekaru, na haifi Aisatu lafiya, kuma ga ni ina koyar da ɗanta, in kaina ya taɓu ta faɗa. Na ce likitocin da suka zo Bagega sun yi bayani a gaban kowa, guba daga ƙurar dutsen zinariyar da ake niƙawa take shiga ciki, ba ta bin hannu, ba ta bin numfashi, shi ya sa ƙasar gidaje aka kwashe, ba mutane aka kwashe ba. Hedimasta mutum ne mai son zaman lafiya, ya ja ni gefe ya ce in bar kaza cikin gashinta, in zaunar da yarinyar a gefe ta riƙa kallo, iyaye su huta shi ma ya huta. Na ce ranka ya daɗe, shekarunta nawa tana kallo a gefe, wa ya huta in ba masu gudunta ba? Na ce in dai ni ke da aji biyu, kofi yana hannun Saude, in kuwa an ga ba za a iya ba, a rubuta mini takardar canjin makaranta, amma a sani da ita zan tafi. Ya girgiza kai ya ce jinin Inna ba ya ɓuya. Tabawa ta fita tana cewa za ta kai magana inda za a ji ta, kuma ƙanen mijinta direban babbar mota ne da ke ɗauko lemo daga wajenku, don haka ban yi mamakin saurin da labari ya yi ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ƙanwa ba ta cika gaya wa yayanta ba, ka gafarce ni. Ba dariyar yara ce ta sa ka aiko Yakubu ba. Kai ne ba ka iya kallon yarinyar nan. In ka zo gida kana miƙa mata tsaraba daga nesa, idonka a ƙasa, ka yi kwana biyu ka ce lodi yana jiranka. Na san abin da kake gani in ka dube ta: buhunan dutsen da ka shigo da su tsakar gida, da turmin da aka daka su, da ɗanka Khalifa da muka binne bai yi wayo ba. Yaya, gida nawa ne a Bagega ba a daka dutse ba a wancan lokaci? Neman abin rufin asiri ka yi, ba wanda ya san mutuwa ce a ciki, kuma Allah ya san zuciyarka. Amma in ka kai ta Adabka ba ita ka sauƙaƙa wa ba, kanka ka nema wa inda ba za a riƙa kawo maka labarinta ba. Gaskiya ne awaki ba za su guje ta ba, Gwaggo ma ba za ta cuce ta ba. Sai dai za ta tafi da sanin cewa ranar da mutane suka fara riƙe hannunta, ranar ce ubanta ya aiko a ɗauke ta. Wannan ba zan bari a rubuta mata a zuciya ba, ko da za ka yi shekara ba ka amsa gaisuwata ba.

Na san ɗiya ta uba ce, ban ja da wannan ba, Baban Aisatu ma ya tuna mini har sau biyu. Amma ka tuna ranar sadakar bakwai ta mahaifiyarta Kubura, Allah ya jiƙanta. A ɗakin Inna ka kamo hannun Saude da hannunka ka sa a nawa, ka ce amana. Ba a waya ka ba ni ita ba, ba kuma ta hannun Yakubu ba, saboda haka ba ta nan za ka karɓe ta ba. Zumunta a ƙafa take. In kana son ɗiyarka ka zo da kanka, kuma ka zo ranar makaranta, ka shigo aji biyu ka tsaya a baya ka ga abin da ake yi, gani ya kori ji. In ka gani ka ce har yanzu Adabka, ni da kaina zan ɗaure mata kaya, ba zan ce uffan ba. Kafin nan kuwa ko mutum goma ka aiko, tuwo za su ci su koma. Kada ka ce za ka bi ta wajen Inna. Ta ce ita babu ruwanta a faɗan 'ya'yanta, amma tun da Yakubu ya yi sallama ta je ta zauna a kan akwatin kayan Saude, ta ce ƙafarta ta riƙe, ba ta tashi ba sai da ƙarar babur ɗinsa ta ɓace.

Saura abu ɗaya, shi ne ma ya sa na kasa haƙuri sai na rubuto. Nazifin nan da ya cusa hannu a hammata ya gaji da zama yana kallon 'yan'uwansa suna zane. Ranar Laraba ya zo da lemo guda a aljihu, ya shiga layi ba wanda ya ce masa. Na ji daɗi har cikin raina, don shi ne na ƙarshe da ya rage, kuma ruwan-lemo ne launin da ba wanda ya taɓa kawowa. Da layi ya zo kansa ya miƙa hannu, sai Saude ta mayar da nata baya. Na ɗauka ramuwa ce, na matsa kusa na ce mata ba a haka, wanda ya dawo ba a korarsa. Ta daɗe tana haɗa maganar, ka san yadda take yi. Sannan ta ce ba ƙin shi ta yi ba, ya je ya samo wani abin, ko ganye ko ƙasa, za ta riƙe shi. Lemo dai na Baba ne, shi ke aikin lemo, in ya zo shi zai riƙe hannunta su faɗa tare. Yaron ya fita da gudu ya tsinko ganyen dogon-yaro, suka yi ruwan-ganye, aka ba shi allinsa. Ni kuwa na juya ina goge allon da babu komai a kansa, don kada yara su ga malamarsu tana hawaye. Tun ranar ta rubuta ruwa a ƙasan allo daga gefe, ta ja ɗan karan a gabansa, ta bar filin, kuma duk mai sharar aji ya san ba a goge wurin.

Ka gaishe mini da maigidanka Alhaji Ishaq da iyalinsa, Allah ya saka masa da alheri kan riƙon da yake maka. Ka gai da Salim ɗan gidan Liman da kuke ɗaki ɗaya, ka ce masa mahaifiyarsa ta sami saƙo. Inna tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Baban Aisatu yana gaisuwa, ya ce in shaida maka shi bai sa ni ba, bai kuma iya hana ni ba. Abin da na faɗa da zafi ka yafe mini, amma ban janye ko ɗaya ba. Allah ya kawo ka lafiya, ya hore maka abin hanya. In za ka taho kada ka wahalar da kanka da buhu, lemo guda ɗaya ake jira.

Wassalam.

Taka ƙanwa,
Naja'atu.